Filin Tambayoyin Fasaha: Ina Katsina, Sabar Tana Daura

Assalamu alaikum. Saƙonnin da suka taru mini a wannan karon sun karkata wuri guda: yadda mai kula da saba, wato uwar garken kwamfutocin makaranta ko asibiti ko kanti, zai san halin da take ciki alhali yana wani gari. Tambayar farko ce za ta ci mafi yawan filin, domin sauran a kanta suka jingina.

Tambaya: Salam Malam. Ni ke kula da kwamfutocin wata sakandare mai zaman kanta a Daura, amma iyalina suna Katsina, wajen Ƙofar Ƙaura. Sabarmu Ubuntu ce a kanta, wato wani nau'in Linux, furosesa mai ƙwaya 4, RAM (ƙwaƙwalwar aiki ta wucin gadi) giga 8. Ita ke riƙe da sakamakon ɗalibai da manhajar gwajin jarrabawar kwamfuta da 'yan aji shida ke yi kafin JAMB. Sai a kira ni a ce ta yi nauyi, in shiga mota, kafin in wuce Mashi a sake kira a ce ta warware. Ran nan na sa wani malami ya buga uptime ya turo mini hoto, na ga an rubuta load average: 6.80, 5.10, 2.40. Me lambobin ke nufi, kuma ya zan riƙa ganinsu daga gida? Shugaban makaranta ya ce a sayi sabuwa kawai.
*Daga mai kula da kwamfutocin wata makaranta, Daura*

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka roƙi shugaban ya ɗan dakata da maganar saye, domin har yanzu ba wanda ya san ciwon da ke damun wannan na'ura, kuma sabuwar ma tana iya gadon ciwon.

Lambobi ukun nan matsakaicin lodi ne. Ta farko ta minti 1 da ya wuce ce, ta biyu ta minti 5, ta uku ta minti 15. Yadda suka jeru ma labari ne: taka ta fara da 6.80 ta ƙare da 2.40, ke nan a lokacin da malamin ya ɗauki hoton nauyin hauhawa yake yi, bai daɗe da farawa ba. Da 2.40 ce a farko, 6.80 a ƙarshe, da sai mu ce abin ya fara lafawa.

To 6.80 ɗin, da yawa ne ko kaɗan? Ka ɗauki furosesarka a matsayin shagon niƙa mai inji huɗu. Lodi shi ne yawan mutanen da ke cikin shagon, waɗanda ake niƙa wa da waɗanda ke tsaye a layi da kwanoninsu. In mutum huɗu ne, kowa na da inji, ba mai jira. In bakwai ne, uku na layi. Shagon da ke da inji goma sha shida kuwa, mutum bakwai ba komai ba ne a wurinsa. Don haka lambar ita kaɗai ba ta da ma'ana sai an san yawan ƙwayoyin furosesa, kuma umarnin `nproc` yana faɗar wannan nan take. A taka mai ƙwaya 4, lodin da ya zauna sama da 4 na tsawon lokaci yana nufin akwai masu jira.

Amma ga inda mutane da yawa ke ɓata kuɗi. A Linux ba masu jiran inji kaɗai ake ƙirgawa ba. Ana ƙirga har da wanda ya shigo shagon, ga inji a buɗe, amma ya aiki yaro ya ɗauko hatsi daga rumbu bai dawo ba. A kwamfuta, rumbun nan shi ne faifan ajiya. Tun 1993 aka mayar da ƙirgar haka, lokacin da wani mai suna Matthias Urlichs ya aika gyaran da ya sa ayyukan da suka maƙale suna jiran faifai su ma su shiga lissafi. Saboda haka kana iya ganin lodi 7 alhali furosesa zaman banza take yi. In haka ne, ko ka ƙara inji ashirin layin ba zai ragu ba, tunda hatsin ne bai iso ba.

Rarrabe su ba wuya. Lokacin da nauyin ke faruwa, a buga `top`, a dubi layi na uku daga sama. Akwai `us`, wato kason lokacin da manhajoji suka ci. `Id`, lokacin da furosesa ke hutawa. Da `wa`, lokacin da take zaune tana jiran faifai. In `us` ya kai 90 `id` ya kusa sifili, furosesa ce ta gaza. In `wa` ne ya tashi zuwa 30 ko 40, faifai ne. Daga nan a buga `free -h` a dubi inda aka rubuta `available`. Kar a tsorata da ƙanƙantar `free`, domin Linux kan ari RAM ɗin da ba a amfani da shi ta ajiye abin da ta karanta daga faifai, ta sake shi da zarar an buƙata. Na uku shi ne `vmstat 5`, wanda ke fitar da layi duk daƙiƙa 5. A yi watsi da layin farko, a sa ido kan `si` da `so`. In suna ta nuna lambobi ba sifili ba, RAM ya cika, na'urar ta koma aron wuri a faifai, kuma wannan shi ne irin nauyin da ke sa ɗalibi ya danna amsa ya zauna yana kallon allo.

Zatona, kuma zato ne ba hukunci ba: aji guda ya shiga manhajar gwaji lokaci ɗaya, rumbun bayanai ya cika giga 8 ɗin nan, sai komai ya koma kan tsohon faifai mai juyawa. In haka ta tabbata, ƙarin RAM da faifan SSD sun wadatar, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar na sabuwar saba ba.

Sai dai ka lura, duk waɗannan umarnin halin yanzu kawai suke nunawa. Ko da ka iya leƙa sabar daga Katsina, kafin a kira ka, ka idar da abin da kake yi, ka buɗe waya, abin ya wuce. Shi ya sa aikin farko da nake so ka yi ranar da ka koma Daura shi ne ka sa mata mai rubuta tarihi. Ka saka `sysstat`, ka kunna shi. A Ubuntu akwai fayil `/etc/default/sysstat` inda ake mayar da `ENABLED` ya zama `true`. Daga ranar zai riƙa rubuta halin na'urar duk minti 10, dare da rana, ko da intanet ko babu. `sar -q` zai ba ka lodin yau tun tsakar dare, `sar -u` furosesa da jiran faifai, `sar -r` kuma RAM. Na kwanakin baya suna cikin `/var/log/sysstat`, kowace rana da fayil ɗinta mai lambar kwanan wata.

Ka kuma ba malamin nan littafi guda. Duk lokacin da aka ce ta yi nauyi, ya rubuta rana da lokaci da abin da ake yi: wane aji ne a ɗakin kwamfuta, ana shigar da sakamako ne, wutar gari ce ko janareto ko sola. Bayan mako biyu ka ɗora littafin kusa da abin da `sar` ya rubuta. Ni dai a aikina ban ga abin da ya kai wannan haɗin saurin tona asirin matsala ba. Za ka kuma san lodin sabarka na yau da kullum, wanda in ba ka san shi ba, ba za ka gane ranar da ya kauce ba. Misali, in ka ga ɗan tashi kullum da ƙarfe 6:25 na safe, kar ka damu, lokacin ne Ubuntu ta saba yin share-sharenta na kullum.

Akwai wani abu da littattafan da aka rubuta a ƙasashen sanyi ba su cika tsayawa a kai ba, mu kuwa shi ne rayuwarmu: zafi da ƙura. Na taɓa duba sabar wani ƙaramin asibiti a nan cikin gari, wadda ke lafiya lau da safe, amma daga bayan azahar zuwa la'asar sai ta riƙa jan ƙafa, alhali yawan masu aiki bai canja ba. Watan Afrilu ne, zafin waje ya haura digiri 40, ita kuma tana ƙarƙashin tebur a ɗakin da ba taga. Da muka buɗe, ƙurar hunturu ta dunƙule a fanka kamar auduga. Furosesa in ta kusa digiri 90 zuwa 100 takan rage gudunta da kanta don kar ta ƙone, aiki ya taru, lodi ya tashi. Abin hura iska da sauya mata wuri suka gama maganar. Ka saka `lm-sensors` ka riƙa buga `sensors`, ka kuma duba lafiyar faifan da `smartctl -a /dev/sda`. In lambobin da ke gaban `Reallocated_Sector_Ct` ko `Current_Pending_Sector` suna ƙaruwa, faifan yana hanyar mutuwa, ka kwafe sakamakon yaran mutane a ranar.

Ganin ta daga gida kuma, hanyar ita ce SSH, wato amintacciyar hanyar buga wa kwamfuta umarni daga nesa, wadda wani ɗan ƙasar Finlan, Tatu Ylönen, ya ƙirƙiro a 1995. Ka saka `openssh-server` a sabar. A wayarka ka sauke Termius ko Termux. A laftof mai Windows akwai PuTTY, ko da yake tun Windows 10 umarnin `ssh` na nan a ciki. Ka yi makulli da `ssh-keygen -t ed25519`, ka aika shi da `ssh-copy-id`, ka gwada ka tabbatar yana buɗewa, sannan ka kashe shiga da kalmar sirri a `/etc/ssh/sshd_config`. Rubutu zalla ke kai da kawowa, don haka data kaɗan yake ci, ko sabis mai rauni yana ɗauka. In sabis ɗin unguwarku mai yawan yankewa ne, ka ƙara `mosh`, wanda ke ci gaba daga inda aka tsaya ba sai ka sake shiga ba. Saura yadda wayarka za ta sami hanyar isa sabar tun farko, kuma wannan ita ce tambayar da ke tafe.

Tambaya: Malam barka da aiki. Babana na da kantin sarin magunguna a Katsina, kwamfutar da ke riƙe lissafin kaya Windows ce. Ina so in riƙa shiga da Remote Desktop daga makaranta in ga ko tana lafiya. Na buɗe ƙofa 3389 a rauta kamar yadda na gani a bidiyo, amma ba ya shiga. Rautar mai sim ce.
*Daga wani ɗalibi, Katsina*

Amsa: Ƙanena, ka gode wa Allah da bai shiga ba, kuma yau ɗin nan ka koma ka rufe ƙofar.

Dalilin ƙin shigar shi ne, kamfanonin waya ba sa ba kowane sim adireshin IP nasa na kansa wanda duniya ke gani. Adireshin tsohon tsari kusan biliyan 4.3 ne kacal, sun yi kaɗan, don haka ake tara dubban masu layi a bayan adireshi ɗaya. Kai kana iya fita, amma na waje ba zai iya nemo ka ba. Ka shiga shafin rautar ka dubi adireshin da aka ba ta. In ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, kana bayan wannan shingen, kuma duk ƙofar da ka buɗe a rautarka ba ta kai ko'ina ba. Masu Starlink, wadda ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, su ma haka abin yake a tsarin da aka saba ba gidaje.

Da a ce ya shiga, da ka ajiye lissafin Baba a bakin titi. Akwai na'urori da ba su da aiki sai zagaya intanet suna ƙwanƙwasa ƙofa 3389 ta Remote Desktop da 22 ta SSH suna gwada kalmomin sirri, ba ruwansu da girman kanti ko ƙanƙantarsa, kuma ta ƙofa 3389 masu kulle bayanai su nemi kuɗin fansa ke yawan shigowa.

Hanyar da nake bi ita ce ɓoyayyen layi tsakanin na'urorinka kaɗai. Mafi sauƙi shi ne Tailscale, wadda aka gina a kan WireGuard: ka saka ta a kwamfutar kanti da wayarka da asusu ɗaya, kowacce ta fita da kanta su haɗu, ba tare da an buɗe ko ƙofa ɗaya a rauta ba. Wanda ba ya son dogara da wani kamfani yana iya hayar ƙaramar saba a intanet ya kafa WireGuard da hannunsa. Ɗan'uwanmu na Daura, amsarka ke nan kai ma.

Windows ba ta da lambobi ukun nan na Linux. In ka shiga, ka buɗe Task Manager da Resource Monitor ka ga furosesa da RAM da faifai. Don tarihi kuma akwai `perfmon`, wanda za ka iya sa shi ya riƙa rubutawa. Ka zaɓi `Processor Queue Length` da `Avg. Disk Queue Length`, su ne ke nuna tsawon layin masu jira. Kuma ka sanar da Baba abin da ka saka, domin kwamfutarsa ce da sirrin kasuwancinsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce ke kula da bayanan marasa lafiya a wani asibitin kuɗi. Wanda ya haɗa mana sabar ya saka Netdata a kanta, tana turo mini saƙo in wani abu ya tashi. Daren Juma'ar da ta wuce sabar ta mutu gaba ɗaya, ban sami saƙo ko ɗaya ba, sai da safe ma'aikatan jinya suka kira. A sauran ranaku kuwa saƙonni sun ishe ni har na daina buɗewa. Ina mafita?
*Daga wata ma'aikaciyar asibiti, Katsina*

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Wannan tambayar ta fi duk sauran muhimmanci a wurina, domin a asibiti rayuka ne a bayan bayanan.

Netdata manhaja ce mai kyau, tana zana halin na'ura daƙiƙa bayan daƙiƙa. Amma tunda a cikin sabar take zaune, kuma daga nan take turo saƙo, ranar da sabar ta mutu tare suka mutu. Dole a sami mai lura na biyu a wajen ginin, wanda ba ya shan wutarku, ba ya bin layin intanet ɗinku.

Tsarin da ya dace da mu shi ne a juya abin: sabar ce za ta riƙa aika alamar "ina nan" zuwa waje duk minti 5, shi kuma na wajen ya kira ki in alamar ta daina zuwa. Layi ɗaya ne a `cron`, mai maimaita aiki a kan lokaci, da zai sa umarnin `curl` ya taɓa wani adireshin intanet na musamman. Akwai Healthchecks da ke yin wannan aikin a intanet, akwai kuma Uptime Kuma da mutum kan saka a ƙaramar sabar haya, dukkansu suna turo saƙo ta Telegram ko imel. Amfanin wannan tsari biyu ne. Ba ya buƙatar buɗe ƙofa, tunda fita ake yi. Sannan shirun kansa ya zama saƙo, ko wuta ce ta ɗauke, ko data ta ƙare, ko na'urar ce ta ƙone.

In ta dawo, `uptime` zai gaya miki wanne ne a ciki. In ya ce kwana 12 take a kunne, ba ta mutu ba, layin intanet ne ya yanke. In ya ce minti 20, ta mutu ta tashi, sai a tambayi batir da inbata. Ki sa mai haɗa muku ya shiga BIOS, wato saitin farko na na'urar, ya saita ta ta riƙa kunna kanta da zarar wuta ta dawo, saitin nan yana nan a kusan kowace na'ura kuma mutane kaɗan ke taɓa shi. In UPS ɗinku, wato batirin da ke riƙe sabar in wuta ta ɗauke, na da ramin USB, manhajar NUT ko `apcupsd` na iya karanta saura nawa a batir, ta kashe sabar cikin tsari kafin ya ƙare. Yankewar wuta ana tsakiyar rubutu ita ke lalata rumbun bayanai.

Kar kuma a dogara da na wajen kaɗai. Mu a jihar nan ta Katsina mun ga 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 saboda matsalar tsaro, aka yi watanni ba sabis. A 14 ga Maris 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasar nan duka ta ji a jikinta. A irin waɗannan ranaku abin da zai cece ki shi ne tarihin da ake rubutawa a cikin gida. Tsohuwar laftof mai batir mai rai, a ajiye ta a wani ɗaki tana lura da sabar ta wayar cikin gida, ta isa.

Yawan saƙonni kuwa haɗari ne na gaske, kin ma faɗa da bakinki cewa kin daina buɗewa. Ƙa'idata ita ce, saƙon da ba zai sa in tashi in yi wani abu ba, kar ya shigo wayata. Ki ce a bar miki huɗu: sabar ta yi shiru, faifai ya cika kashi 85 cikin 100, zafi ya wuce kima, lodin minti 15 ya haura yawan ƙwayoyin furosesa ya zauna a can. Lodin minti 1 yakan yi tsalle ya sauko ko da wani ya buɗe babban rahoto ne, bai cancanci tada ki daga barci ba. Sauran su zauna a zane, ki duba da safe. Ki kuma sa lambar mutum na biyu, saboda ranar da wayarki ba caji.

Tambaya: Malam, ina ajin ƙarshe a kimiyyar kwamfuta, aikina na kammalawa kan lura da sabobi ne. Wanne zan ɗauka tsakanin SNMP, Nagios, Zabbix da Prometheus?
*Daga wata ɗaliba, Katsina*

Amsa: Ɗiyata, Allah ya ba da sa'a. SNMP ba sa'ar sauran ba ce, yare ne da na'urori ke amsa tambaya da shi tun 1988, ta ƙofa 161. Dole ki san shi domin rauta da suwic da firinta da UPS da yawa shi kaɗai suke ji. A Linux mai Net-SNMP, lodin minti 1 yana lamba 1.3.6.1.4.1.2021.10.1.3.1. Ki sani dai siga ta 1 da ta 2c suna aika kalmar shiga a fili, kuma yawancin na'urori da kalmar `public` suke zuwa. Siga ta 3 ce ke ɓoyewa.

Nagios ta fito a 1999 da sunan NetSaint, ƙarfinta shi ne faɗin "lafiya" ko "ba lafiya", saitinta duk a fayilolin rubutu. Prometheus an fara ta a kamfanin SoundCloud a 2012. Ita ke zuwa ta ɗebo lambobi daga `node_exporter` a ƙofa 9100, akan haɗa ta da Grafana don zane, kuma ita manyan kamfanoni ke yawan tambaya a wajen ɗaukar aiki. Zabbix, wadda Alexei Vladishev ya fara kuma kamfaninta ke Latbiya, ita zan zaɓa miki. Wakilinta, wato 'yar manhajar da ake sakawa a sabar da ake lura da ita, na iya fita da kansa ya kai rahoto ƙofa 10051, ke nan yana aiki a bayan rautar sim. Tana kuma da ɗan tsakiya da ake ajiyewa a reshe, ya tara bayanai in layi ya yanke, ya aika in ya dawo.

Da ni ne ke duba aikin, abin da zai burge ni shi ne ki gwada wannan da gaske. Ki haɗa na'ura biyu, ki ɗora wa ɗaya nauyi da `stress-ng`, ki zare wayar sadarwa na awa ɗaya, ki mayar, sannan ki nuna wace manhaja ta bar rami a zanenta, wacce ta cike. Wannan tambaya ce ta ƙasarmu, kuma sakamakon naki ne ba kwafe ba.

Tambaya: Malam, na yi hayar saba mai ƙwaya 2 don shafin shagona na atamfa da shadda. Masu shiga ba su da yawa, amma kwana uku ke nan lodi na nuna 2.00, 2.00, 2.00 har da ƙarfe uku na dare.
*Daga wani ɗan kasuwa, Daura*

Amsa: Alhaji, wannan ba alama ce mai daɗi ba. Lodin mutane yakan hau ya sauka, da safe daban, da dare daban. Wanda ya tsaya cak daidai da yawan ƙwayoyi yana nufin wani aiki ya kama kowace ƙwaya ya ƙi saki.

Ka buga `top` ka ga wane ne a sama. In `id` na da yawa, furosesa na hutawa, to wasu ayyuka biyu ne suka maƙale suna jiran faifai ko wata ma'ajiya ta nesa, kuma sake kunna sabar kan warware shi. In manhajar shafinka ce ke cin 100, ta shiga zagayen da ba fita, a nemi wanda ya rubuta ta. In kuwa wani baƙon suna ne, ko wanda ke gudana daga `/tmp` ko `/dev/shm`, mai yiwuwa an shigo an dasa manhajar haƙar kuɗin kirifto, ana amfani da sabar da kake biya wa haya. Ka duba `crontab -l` na kowane asusu, ka duba fayil ɗin `authorized_keys` ko akwai makullin da ba naka ba, ka buga `ss -tnp` ka ga da wa take magana a waje.

In ta tabbata an shigo, kashe aikin ba ya isa, sukan bar abin da zai dawo da shi bayan mintuna, wani lokaci ma sukan ɓoye shi daga `top` ɗin kansa. Ka kwafe hotunan kaya da rumbun bayanan masu saye, ka sa a goge sabar a sake ɗora ta daga farko, a sabunta manhajar shafin da duk ƙarin da aka liƙa mata, domin yawanci ta tsohon ƙari ake shigowa. Ka canja duk kalmar sirrin da ta taɓa zama a cikinta, har da ta imel da ta hanyar karɓar kuɗi. In akwai lambobin waya da adireshin abokan ciniki a ciki, haƙƙinsu ne ka sanar da su, don kar wani ya kira su da sunan shagonka ya nemi su tura kuɗi.